Tanadin Allah da rumbun da ya kusa ƙarewa

Duk ɗan Magarya ko Dungass ya san watan Agusta. Gona ta yi kore shar, amma rumbu ya kusa kai ƙasa, tiyar hatsi ta yi tsada, ga zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da yara. A irin wannan lokaci ne maganar dogara ga Allah take da nauyi, don da kaka kowa ma ya iya cewa Allah mai bayarwa ne.

Ni Kirista ne, kuma mu kaɗan ne a jihar Damagaram. Masu bishara na SIM sun zauna birnin Damagaram tun 1924, amma har yau yawancin majami'unmu ƙanana ne, na manoma da masu ƙaramar sana'a. Ba mu da wani babban asusu. Mun ga yunwar 2005, bayan fari da fara sun cinye amfanin 2004. Mun ga yadda kaya suka yi tsada da aka rufe iyaka da Najeriya a 2023. Saboda haka in na ce Ubangiji yana tanadi, ba daga cikin daɗi nake magana ba.

Abin da ya fi koya mini wannan gaskiya shi ne gawo. Ku duba: da damina, lokacin da kowane itace ke ganye, shi sai ya kaɗe nasa, rana ta samu hatsin da ke ƙarƙashinsa. Da rani kuma, sa'ad da ko'ina ya bushe, sai ya yi ganye da 'ya'ya, awaki da tumaki su ci, taki ya zauna a gona. Bayan farin shekarun 1980, manoman Magarya da Matameye da Mirya suka riƙa barin tohon gawo a gonakinsu maimakon sarewa, yau ga itatuwa ko'ina. Abincin yana nan cikin ƙasa tun da can, Allah ya riga ya ajiye. Hannu kawai yake jira.

Littafi Mai Tsarki ma haka ya nuna. A Matiyu sura 6 Yesu ya ce a dubi tsuntsaye, a daina damuwa. Amma a Farawa sura 41, Allahn nan ne ya ba Yusufu hikimar tara hatsi shekara 7 a Masar. Wato damuwa aka hana, ba a hana ajiya ba. Wanda ya kwashe wake da gyaɗa da kaka ya sayar da arha don biki, sannan ya dawo yana sayen hatsi da tsada da damina, kada ya ce Allah ya manta da shi.

Akwai kuma gwauruwar Zarefat a 1 Sarakuna sura 17. Ɗan garin da ya rage mata ta fara tuya wa Iliya, kuma tukunyarta ba ta ƙare ba. Na sha ganin irin wannan a zumuntar mata: kowace ta kawo tiya guda, a haɗa a kai gidan da ba a hura wuta ba. Na kuma ci tuwon maƙwabtana Musulmi a ranar da gidana babu, su ma sun ci nawa. Sau da yawa ta hannun mutum Allah yake aiko da amsar addu'a.

Ba na cewa mai bi ba zai kwana da yunwa ba. Mun binne yara masu iyaye masu addu'a, kuma wannan ciwo ba ya warkewa da wa'azi. Abin da na riƙe shi ne Allah bai rasa ba, bai kuma bar mu ba.

To bana in kaka ta yi, ka fitar da na Allah, ka ajiye na damina, ka ware na maƙwabci, ka bar tohon gawo ya girma. Ubangiji ya ba mu damina mai albarka. Amin.