Ƙibar yaro ba ita ce lafiyarsa ba

A Dakoro, idan ka ce wa uwa ɗanta ya yi ƙiba, yabo ka yi mata. Ban ga laifinta ba. Duk wanda ya ga yunwar 2005 a jihar Maradi, ya ga yaran da tamowa ta kwantar a asibiti, zai gode wa Allah idan ya ga kumatu. Har yau rama ce babbar damuwarmu, kuma a ajina ramammu sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Amma bincike na nuna wata hanya da muka fara hawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 kashi 8 cikin ɗari na yara masu shekara 5 zuwa 19 ne nauyinsu ya wuce kima. A 2022 sun kai kashi 20. A garin Bogalusa na Amurka an bi yara tun shekarun 1970 har suka girma, aka gano kitse kan fara taruwa a jijiyoyin jini tun ƙuruciya, ba sai an yi furfura ba.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne aikin wani likita ɗan Ingila, David Barker. Shi da abokan aikinsa sun duba tarihin mutanen Helsinki, suka wallafa a 2005 cewa waɗanda aka haifa ƙanana, suna ramammu a shekara 2, sannan suka yi ƙiba da sauri, sun fi kamuwa da ciwon zuciya bayan sun manyanta. Jikin da ya saba da rashi ya koyi ajiya. Idan sukari da mai suka zo masa gaba ɗaya, sai ya rasa yadda zai yi da su. Ashe yaranmu da suka tsallake tamowa su ne a bakin wannan ramin.

Malamai 'yan'uwana, ku tsaya ƙofar lakwal lokacin shan iska. Dala goma ko ashirin ɗin da iyaye ke ba yaro, a biskit, alewa da ruwan zaƙi na leda take ƙarewa. Mai ƙosai da mai kwaɗon zogale suna gefe, yara kuwa na ganin abincinsu na ƙauye ne. Ni kam na fi son iyaye su ɗura fura da nono a gora, su haɗa da gyaɗa. Awar motsa jiki kuma, wadda muke yawan cinyewa da lissafi idan jarrabawa ta ƙarato, mu mayar wa yara abinsu: minti 60 kowace rana hukumar ta ce suna buƙata.