Motar da fentinta ya koɗe

Bara, a babban hutun lakwal, na kai wa ɗana na fari ziyara a Amurka. Shekararsa tara a Greensboro, cikin jihar Karolaina ta Arewa, garin da ƴan Nijar suka taru da yawa, kuma tuƙin babbar mota yake yi. Kwana uku da saukata ya zauna gabana ya ce, "Baba, akwai shawarar da nake so in yi da ku." Ashe rabin kuɗin da yake tarawa don gina filinsa na Maradi yake so ya ɗiba, ya sayi mota mai shekara kusan sittin, ya yi mata sabon fenti, ya sayar da riba.

Raina ya ɓaci. A saninmu mota in ta tsufa kuɗinta faɗuwa yake, ƙarshenta a jingine ta bayan gida kaji su riƙa kwana a ciki. Sai ya yi mini bayani cewa a can akwai kasuwa guda ta tsofaffin motoci, kuma wadda yake so Ford Mustang ce ta 1966. Kamfanin ya fara fitar da irinta a watan Afrilu na 1964 a kan dalar Amurka 2,368, kuma kafin shekara biyu ta cika an sayar da miliyan guda. Na ce to, ba zan sa albarka ba sai wanda ya san abin ya duba a gabana.

Ya ɗauko wani dattijon makaniki da aikinsa ke nan, a biya shi ya kimanta mota. Mota biyu muka gani ran nan. Ta farko ja ce, tana sheƙi kamar amarya, mai ita yana ta cika baki cewa babban inji gare ta. Dattijon ya fiddo ɗan mayen ƙarfe daga aljihu yana bin jikinta da shi. A ƙasan ƙofa da bayan taya ya ƙi kamawa, alamar an cike ramin tsatsa da mastik an shafe da fenti. Ya buɗe murfin inji ya karanta lambar da kamfani ya buga a jikin ƙarfen. A Mustang ta wancan zamani, harafi na biyar na lambar shi ke faɗin injin da aka haife ta da shi: K na nufin babban inji mai ƙarfin doki 271, wanda ya fi tsada, T kuwa ƙaramin ne mai silinda shida. Tata T ce, daga baya aka ɗora mata babban. Muka yi sallama.

Ta biyu a garejin wata tsohuwa take, malamar lakwal da ta yi ritaya, mijinta ya rasu ya bar mata ita. Shuɗiya ce, fentin saman ya koɗe, kujerar direba ta ɗan tsage. Ɗana ya yamutsa fuska. Dattijon kuwa awa biyu ya yi a kanta.

Da farko ya taɓa injin ya tabbatar da sanyinsa kafin a tayar, don mai son ɓoye aibi yakan ɗumama mota kafin mai saye ya iso. Ta tashi bugu ɗaya, babu shuɗin hayaƙin da ke nuna inji na cin mai. Ya zuba ruwa a ragar iskar da ke gindin gilashin gaba, ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya ga ko zai ɗiga, domin nan ne tsatsa ke fara cin irin wannan mota. Bai ɗiga ba. Ya kwanta ƙarƙashinta da tocila, ya fito yana murmushi. A jihohin arewacin Amurka ana watsa gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, shi ke cinye cikin mota; wannan a kudu ta yi rayuwarta.

Sai maganar tafiyar da ta yi. Agogonta ya nuna mil dubu 61, amma gurbi biyar kawai gare shi, in ya wuce 99,999 sai ya koma sifili. To wa ya san ko dubu 161 ne? Dattijon ya duba robar birki da ta kuloci ya ga ba su cinye ba. Sannan tsohuwar ta kawo wani kwali cike da takardu: rasiɗin ranar da aka saye ta, da na kowane juyen mai, kowanne da kwanan wata da adadin mil a rubuce da hannun mijinta. Lambobin suna hawa a hankali shekara bayan shekara, babu tsalle. Ni da na yi shekara talatin ina duba rajistar aji, na san darajar wannan kwali tun kafin a fassara mini.

Masu wannan sana'a suna jera motoci daga mataki na 1, wadda ba ta da aibi ko kaɗan, zuwa na 4, wadda ake hawa da aibobinta. Ya ajiye ta tsakanin 2 da 3. Ya gaya wa ɗana gaskiya: ƙaramin inji gare ta, kuma an ƙera fiye da dubu 600 a shekarar 1966 kaɗai, don haka kada ya yi mafarkin arziki. Abin da ke ɗaga kuɗinta shi ne ba a taɓa ta ba, kuma akwai shaidar haka. "In ka yi mata fenti," in ji shi, "ka biya kuɗi ka rage mata daraja."

Ƙimar da ya yanke ta fi abin da tsohuwar ta nema, don ita a zatonta koɗewar fenti aibi ne. Ɗana ya dube ni. Na ce masa da Hausa, "Dukiyar mamaci ce a hannun matarsa, ka faɗa mata abin da ka ji." Ya faɗa mata, suka daidaita a tsakiya. Motar na garejinsa da tsohon fentinta, ginin Maradi kuma ya ƙara jiran shekara guda.

Da aka koma lakwal, wani uba ya zo mini da fushi, wai ɗansa ya fi kowa tsabtar kaye amma na ba shi matsakaicin maki. Na ɗauko kayen yaron, wanda duk an sake kwafe shi da rubutun yayarsa, na ɗauko na wata yarinya mai cike da goge-goge tun daga Oktoba har Yuni, inda ake ganin kuskurenta na raguwa wata bayan wata. Na ajiye su gabansa na ce, "Alhaji, ku buɗe ku duba da kanku."