Ɗakunan laka a Samaru

Duk lokacin da na shiga Jami'ar Ahmadu Bello, ƙafata kan kai ni wurin da ɗalibai ke kira Ƙauyen Wasan Kwaikwayo. Ɗakuna ne na laka, zagaye da fili, kamar gidan manomi a ƙauyen Bomo. A tsakiyar gine-ginen siminti, sai ka ga kamar ɓatan hanya suka yi.

An buɗe jami'ar a 1962, amma koyar da wasan kwaikwayo sai a 1975 ya kankama, a ƙarƙashin sashen Turanci, da zuwan Michael Etherton. Ya taho ne daga Zambiya, inda ya taimaka wajen kafa dandalin Chikwakwa. Wani Ba'amurke mai zanen gini, Steven Ehrlich, shi ya tsara ginin ɗakunan lakar, magina na gargajiya suka ɗora tubali.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda malaman suka ƙi barin ɗalibai su tsaya kan Shakespeare kaɗai. Suka tura su cikin Samaru da ƙauyukan Soba da Maska, su zauna da manoma, su ji kukansu kan taki da ruwan sha, sannan a mai da kukan wasa a dandalin gari. Masana wasan kwaikwayo irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah a nan suka ƙware.

Iyaye da yawa sun ɗauki karatun nan shashanci. Ni ma na taɓa ɗaukarsa haka, kuma na yi kuskure.