Zare: yadda 22 ta zame mini 13 a ɗakin jarrabawa

1/ A aji ɗaya na sha ƙasa a gwajin kwas ɗin kwamfuta, saura ƙiris ya ja mini kariyoba. Tambayar wai a mayar da lambobi zuwa binari. Na yi hadda tsaf: raba da 2, rubuta saura, sake rabawa. Ban taɓa tambayar dalili ba.

2/ Aka ba mu 22. Saurar da na samu: 0, 1, 1, 0, 1. Sai na kwashe su daga sama zuwa ƙasa, na rubuta 01101. Ashe daga ƙasa ake karantowa: 10110. Abin da na rubuta 13 ne. Duk tambayoyin haka na yi musu, har ina murna na riga kowa gamawa.

3/ Wata 'yar ajinmu ce ta warware mini. Ta ce, "Kai, ɗaga hannunka." Babban yatsa 1, manuni 2, na tsakiya 4, na gaba 8, ƙarami 16. Yatsa a miƙe 1 ne, a naɗe 0. Ta ce in nuna mata 22. Na miƙe 16, 4 da 2. Shi ke nan fa.

4/ Wato yadda gurabe a lissafinmu suke 1, 10, 100, a binari 1, 2, 4, 8 ne, kowane gurbi ninkin na damansa. Kuma kowace cikakkiyar lamba hanya ɗaya tak ake haɗa ta da su, ba tare da an maimaita gurbi ba.

5/ Ga abin da ya fi ƙona mini rai. Duk guraben nan suna rabuwa biyu daidai, ban da 1. Don haka lambar ƙarshe ta dama ita ke faɗa maka: 0 cika ce, 1 mara ce. 22 cika ce, amsata kuwa ta ƙare da 1. Kallo ɗaya ya isa in kama kaina, wallahi.

6/ Ƙara 0 a ƙarshe, lambar ta ninka: 101 shi ne 5, 1010 shi ne 10. Cire na ƙarshen, ka raba da 2 ke nan, wanda ka cire shi ne saura. Shi ya sa saurar farko take zama a dama.

7/ Miƙe yatsu biyar duka, 31. Hannu biyu, 1023. Kullum ɗaya ne ya rage ka kai gurbi na gaba. Da bit 8 iyakarka 255.

8/ Iyakar nan ba a takarda ta tsaya ba. A 2014 YouTube suka sanar cewa bidiyon Gangnam Style ya sa sun faɗaɗa ma'ajin ƙirgen kallo zuwa bit 64, don na bit 32 yana tsayawa a 2,147,483,647.

9/ Leibniz ya wallafa bayani kan wannan lissafi tun 1703, ni kuma sai da na ci maki 2 cikin 10 na gane shi.

10/ 'Yan aji ɗaya, ku gwada 37 da yatsu kafin ku taɓa biro. Hannu ɗaya ba zai isa ba. Ku ajiye amsa a ƙasa, zan duba bayan lakca.