Ɗan bautar ƙasa daga garin masu asusu ɗaya

A Jihar Ondo, a ƙaramar hukumar Ilaje, akwai wani gari a bakin teku mai suna Ayetoro. Wasu masunta 'yan wata ɗariƙar Kirista ne suka kafa shi a 1947, bisa sharaɗin cewa babu mai mallakar komai shi kaɗai. Jirgin kamun kifi na gari ne, kuɗin kifin ma asusun gari suke shiga, gari kuma shi ke ciyar da kowa, ya tufatar da shi, ya ba shi ɗaki. Da wannan asusun suka gina makaranta da wurin ƙera jiragen ruwa, har suka samu wutar lantarki tun a shekarun 1950, lokacin da manyan garuruwa da yawa ke kwana da aci-bal-bal.

Na fara jin wannan labari ne a motar haya daga Zariya zuwa Gusau a hutun da ya wuce, daga bakin wani ɗan bautar ƙasa ɗan asalin garin, wanda ke koyar da lissafi a wata makaranta a Tsafe. Duk wanda ya san hanyar nan ya san da an wuce Funtuwa hira takan mutu, kowa ya kama addu'a a zuci. Shi kuwa sai zuba yake, Turanci da 'yar Hausarsa ta koyo, ni ina yi wa wani dattijo da ke kusa da mu tafinta.

Dattijon ya tambaye shi dalilin da bai nemi a mayar da shi kudu ba, kamar yadda abokansa suka yi. Ya ce, "Baba, idan kowa ya gudu, wa zai koyar da yaran?" Burinsa wai ya buɗe gonar makaranta wadda ɗalibai za su noma tare, a sayar da amfanin, a saya wa marasa hali littattafai.

Dattijon ya yi dariya ya ce, "Yaro, a garin naku har yanzu asusun ɗaya ne?"

Nan ya ɗan yi shiru. Ya amsa cewa tun zamanin kakanninsa tsarin ya fara sassautawa, yanzu kowa da aljihunsa. Ga teku kuma tana cin garin, ta haɗiye gidaje da tituna masu yawa. Ashe shi kansa bai ga zamanin da yake yabo ba, a bakin kakarsa ya ji. Amma ya dage cewa abin da mutane suka taɓa yi, za su iya sake yi.

Ni dai a ganina dattijon yana da gaskiya ta wani ɓangare. Mu da tsintsiyar aji ma sai an rubuta sunayen masu shara kafin a ɗauke ta, ina ga kuɗin kifi? Sai dai na kasa yi masa dariya. Mutumin da ya baro bakin teku ya zo Tsafe a wannan zamani, ya ƙi komawa, ba da baki kawai yake magana ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ya tambaye ni ko Hausawa na da irin wannan al'ada, sai dattijon ya riga ni amsawa: gandu da gayya. A gandu, uba da 'ya'yansa gona ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya suke ci. A gayya kuwa, samarin gari ke taruwa a gonar mutum ɗaya da kiɗa da fura, su gama masa noma a yini guda.

Da na dawo Sabon Gari na tambayi kakana, wanda ya taso a wani ƙauye a ƙasar Bunguɗu. Ya ce yanzu sai ɗan ƙwadago, shi ma in gonar tana shiguwa. Ya ƙirga da yatsunsa, ya ce rabonsa da jin gangar gayya tun kafin a yi auren mahaifiyata.