Majigin Ranar Asabar a Agege

Mahaifina, Allah ya jiƙansa da rahama, bai taɓa kiran abin da muke zuwa kallo ranar Asabar da sunan fim ba. Majigi yake ce masa, kuma albarkacin wannan suna ne kawai ya yarda ina zuwa. A Agege ta ƙuruciyata akwai gidajen sinima guda biyu da kowane yaro ya san hanyarsu, wato Pen Cinema da Danjuma, inda ake nuna finafinan Indiya da na 'yan kanfu. Amma a gidanmu ko ambaton sunan sinima laifi ne. A ganin Baba, duk wurin da za a biya kuɗi a shiga duhu a zauna da wanda ba a sani ba, to ba wurin ɗan mutunci ba ne. Sai ga shi a shekarar 1993, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, na zo masa da labarin cewa a wani ƙaramin ɗakin karatu na jama'a da ke kusa da makarantarmu ana nuna hoto mai motsi kyauta. Ya yi shiru kaɗan yana ɗaure huhun goro, sannan ya ce, "Kyauta? To ai majigi ke nan. Je ka, amma kada magariba ta same ka a waje."

Sai da na girma na fahimci abin da yake nufi. Baba mutumin ƙasar Katsina ne, an kai shi almajirci yana ɗan shekara bakwai, kuma a ƙauyukan da ya yi karatun allo ne ya fara ganin motar majigi. Takan iso da la'asar, a yi shela, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan dagaci, da dare kuwa kowa ya fito da tabarmarsa. Abin mamaki shi ne asalin wannan al'ada daga nan Ikko yake. Wani Baturen jami'in kiwon lafiya mai suna William Sellers shi ne ya fara amfani da hoto mai motsi a ƙarshen shekarun 1920, lokacin da annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta addabi Legas, domin ya nuna wa mutane yadda cutar take kama su. A shekarar 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai na ƙasashen da take mulka, ta ɗora shi a kai. Daga nan motocin suka bazu, gwamnatin Jihar Arewa kuma ta gaje su, ta riƙa nuna tsaftar gida da rigakafi da rangadin Sardauna, da irin su *Baban Larai* mai koyar da noman auduga. Brian Larkin ya yi bayani mai gamsarwa a littafinsa *Signal and Noise* na 2008 a kan yadda Bahaushe ya raba majigi da sinima: ɗaya na hukuma ne, a fili, ba ko kwabo, ɗayan na 'yan kasuwa ne, a bayan katanga. Baba bai karanta Larkin ba, amma rabon da ya yi ke nan a tsakar gidanmu.

Sai dai majigin da ya sani yana da wani hali. Akwai tafinta riƙe da lasifika, shi ke gaya wa jama'a abin da suke gani da abin da ya kamata su ɗauka. Idan an gama, a naɗe ƙyalle, mota ta wuce gari na gaba. Ba a tambayar kowa ra'ayinsa, ba a kuma bar wa kowa komai a hannu.

Namu na Agege ba mota ba ce, ba ma ƙyalle. Talabijin ce mai inci ashirin da ɗaya a kan teburin karatu, da na'urar bidiyo da mai kula da ɗakin take ɗaukowa daga gidanta a cikin jakar leda. Bayarabiya ce, ta manyanta, tana sanye da tabarau mai igiya; mu yaran Zango Iya muke kiranta. Ranar Asabar da ƙarfe biyu sai ta sa a ture kujeru, mu zauna a ƙasa, Hausawa da Yarabawa da 'ya'yan Ibo 'yan tireda, ana ta surutu da Turancin buroka wanda shi ne harshen da ya haɗa mu. Wani makon ma'aikaciyar jinya ce za ta fara zuwa ta yi magana a kan ruwan gishiri da sukari, wani makon a yi gasar rubutun kalmomi, amma gaskiya mu kallo ne ya kawo mu, kuma Iya ta san haka sarai.

Abin da ta riƙa sa mana a watannin farko shi ne wasan *Things Fall Apart* da gidan talabijin na ƙasa ya shirya a 1987, wanda Pete Edochie ya fito a matsayin Okonkwo. Kashi-kashi ne, kowane mako ɗaya. Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar da dattawan Umuofia suka tasa yaron nan Ikemefuna a gaba zuwa daji, yana ɗauke da tulun giya a ka, yana tsammanin gida za a mayar da shi wurin uwarsa. Ɗakin ya yi tsit. Daidai nan aka ɗauke wuta. Muka yi ihu, wasu suka fara buga tebur, wani yaro ma ya fashe da kuka don haushi. Iya ba ta ce komai ba sai da muka gaji. Sannan ta miƙe ta je kanta, ta zaro wani ɗan littafi da bangonsa ya sha selotef, ta ɗaga shi sama ta ce abin da ya sami yaron yana cikin nan, kuma wannan ba ya bukatar wuta.

Na daɗe ina zargin cewa ko da ba a ɗauke wutar ba, da ita za ta kashe na'urar da hannunta. Ban taɓa tambayarta ba.

Aron littafi yana bukatar kati, kati kuma yana bukatar sa hannun uba. A nan gizo ke saƙar. Baba ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta lissafin cinikinsa da ajami, yana aika wasiƙa Kano da Katsina, amma bai san boko ba. Na kai masa takardar, ya juya ta, ya ɗauki biro ya rubuta sunansa daga dama zuwa hagu. Washegarin Litinin na kai, sai na tarar da wani matashin akawu a teburin. Ya dubi rubutun ya yi dariya, ya ce wannan ba sa hannu ba ne, in koma in ce wa tsohon ya dangwala yatsa kamar yadda jahilai ke yi. Har yau idan na tuna kalmar nan sai in ji zafi a ƙirjina. Na koma gida ban faɗa wa kowa ba, na ɓoye takardar a cikin allona har kwana huɗu.

Baba ne ya gano da kansa. Ranar Asabar ya sa babbar rigarsa ta zuwa Juma'a, ya kama hannuna, muka ratsa layin dogo. A iya sanina wannan ne karo na farko da ya taɓa shiga ɗakin karatu na boko. Ya gaida Iya da Yarabancinsa na kasuwa, ya ajiye takardar a gabanta, ya ce, "Malama, ga sunana, ga na ubana. Da wannan hannu nake karɓar bashin goro na dubban nairori, ba a taɓa mayar mini da shi ba." Iya ta gyara tabarau ta dubi rubutun. Ta ce masa, "Alhaji, karanta mini." Ya karanta. Ta ɗauki hatimi ta buga a kai, ta miƙo mini kati mai ruwan ɗorawa. Sannan ta tambaye shi abin da ya sa yaran Hausawa suka fi kowa cika ɗakin ranar kallo, amma ba ta ganinsu sauran kwanaki. Baba ya waiwaya ya dubi kantocin ya ce, "Akwai na Hausa a ciki?" Babu ko ɗaya.

Wannan tambaya ta fi ƙarfin ɗan ƙaramin ɗakin Iya. Hausawa sun fara zama a Agege tun farkon ƙarni na ashirin, saboda gonakin goro da ke kewaye da ita da kuma jirgin ƙasa da ya haɗa Ikko da Kano a 1912. Garin yana da laburaren jiha mai ɗauke da sunan Henry Carr, masanin ilimin nan na Legas da ya rasu a 1945, wanda littattafansa kimanin 18,000 suka zama harsashin laburaren Kwalejin Jami'a ta Ibadan. Amma mu 'ya'yan Zango mun tashi muna jin cewa irin waɗannan gine-gine na wasu ne. Ba wanda ya kore mu. Ba mu dai taɓa jin an kira mu da harshenmu daga ciki ba.

Da Baba ya dawo daga tafiyarsa ta gaba zuwa Arewa, a cikin kayansa akwai ƙunshi ɗaure da igiyar huhu: *Magana Jari Ce* littafi na ɗaya zuwa na uku, da *Ruwan Bagaja*, duka na Abubakar Imam, da *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa, bugun kamfanin NNPC na Zariya. Ya ce in kai wa Malama. Ta ware musu rabin kanta, ta rubuta "Hausa" a jikin takarda ta manna. Daga nan aka ƙara wani abu a tsarin Asabar: bayan kallo, yaro ɗaya zai karanta shafi biyu da Hausa, wani ya fassara wa sauran. A nan na gane cewa ina jin Hausa amma ban iya karanta ta ba; ƙ da ɗ da ɓ sun ba ni wuya fiye da Turancin Achebe. Digirin da nake taƙama da shi yau a fannin adabi daga wannan in'ina ya faro.

Wajibi ne in faɗi abin da shirin bai yi ba. Yayata, wadda ta fi ni kaifin ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba, ba ta taɓa taka ƙofar ɗakin ba. Majigi ko ba majigi ba, 'ya mace ba ta zama cikin maza, in ji Baba, kuma ba wanda ya yi tunanin ware wa 'yan mata rana. Ni nake kawo mata littattafan a ɓoye cikin jakar makaranta, ta karanta a ɗakin girki, ta riga ni gamawa. An yi mata aure tana da shekara goma sha shida.

*Shaihu Umar* kuwa Baba ya sa na aro shi daga inda shi da kansa ya bayar, na riƙa karanta masa bayan sallar isha'i. Labarin yaron da aka sace aka raba da uwarsa, ita kuma ta bi sawunsa ta cikin Sahara har ta faɗa hannun masu bauta, ba su sadu ba sai dab da rasuwarta. Ya ce mini ya taɓa ganin majiginsa sau ɗaya yana saurayi, wato fim ɗin da Adamu Halilu ya shirya a 1976. Da muka kai wurin saduwar sai ya ce in dakata. Ya daɗe yana jan carbi. A daren ne ya gaya mini cewa tasa uwar ta rasu yana almajirci, sai bayan wata biyar labari ya iske shi.

Shekaru da yawa ana ɗauka fim ɗin ya ɓace. A 2016 aka gano faifansa, wata cibiya mai suna Arsenal da ke Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Baba ya rasu kafin nan.

Na je Agege hutun da ya wuce. Pen Cinema ba ta nan, sai sunanta a kan gadar sama da aka buɗe a 2021. Ɗakin Iya ya zama shagon sayar da kayan waya, yara kuma suna biyan kuɗi a rumfunan kwano su kalli ƙwallon Ingila. Na kwana a gidan yayata. Da na ba ta labarin cewa an gano majigin da Baba yake faɗa, kuma ina neman hanyar da za a kawo shi Zango a nuna kyauta, sai ta ajiye ludayin da ke hannunta ta ce, "To Malam, wannan karon a ina mu za mu zauna?" Na ce mata ban riga na samo wurin ba. Ta ce in na samo, in fara auna shi da tabarmin mata.