Daren da Na Haddace Maganata

Takardar ta zo ne a aljihun rigarsa ta makaranta, an ninke ta, gefenta ya sha man ƙuli-ƙuli. Hedimasta yana son ganin mahaifin yaron ranar Litinin da hantsi. Mahaifin kuwa yana Kurmi da motar goro, ba a san ranar dawowarsa ba. Sai ni.

Har yau ina mamakin yarinyar nan da ake kira da sunana. Daga aji shida aka ɗaura mata aure, ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi baƙon namiji ba balle ta yi masa jayayya, kuma yaron ɗan fari ne, wanda ko sunansa ba ta kamawa, ko faɗuwa ya yi a tsakar gida sai dai wata ta ɗaga shi ta kaɗe masa ƙura. Wai ita ce za ta shiga ofis ta yi magana a kansa. Ina ta samo wannan ƙarfin hali?

Sanƙarau ɗin 1996 ne ya taɓa shi, a cikin zafin bazarar nan da aka yi ta kwasar yara zuwa asibiti, wasu a goye, wasu a baro, wuya ya sandare, uwaye suna fifita da gefen zane. Allah Ya bar mana shi. Ya tashi da maganarsa, don ya riga ya iya kafin ciwon, amma ka tsaya a bayansa ka buga langa ba zai waiwayo ba. Likita ya ce cutar ta ɓata can cikin kunne, inda magani ba ya kaiwa.

Daren Lahadi aka ɗauke wuta. Na kunna fitilar ƙwai, na jawo fantimotin lefena daga ƙarƙashin gado, ƙamshin kafur da tsohon turaren wuta ya bugo ni, na ɗaga zannuwan da ban taɓa ɗaurawa ba har na kai ga ƙunshin leda inda nake ajiye katin asibiti da takardar gwajin ji. Ban iya karanta ta ba, amma na san ta: jajayen da'irori na kunnen dama, shuɗɗan gicciye na hagu, duk sun gangara sun taru a gindin takarda kamar tsakuwa a ƙasan shinkafa. Na haɗa da littafinsa na lissafi, wanda babu jan biro a ciki sai na maki, da motar ubansa da ya zana da alli a bayan silet, har da madubin gefe da rubutun jikinta. So nake su ga abin da ya iya kafin su gaya mini abin da ya kasa.

Wata maƙwabciyarmu nas ta ce in rubuta buƙatuna, don baki yakan mutu a gaban manya. Na yago tsakiyar littafi na rubuta da bokona mai karkata. A zaunar da shi a bencin gaba, inda hasken taga yake faɗa wa fuskar malami, don leɓe yake karantawa. Kada malam ya riƙa bayani ya juya wa aji baya yana rubutu a allo. A samu yaro mai hankali kusa da shi da zai taɓa masa kafaɗa idan an kira suna. Na ƙarshen na fi daɗewa a kansa, na goge na sake, don ban san yadda ake faɗarsa da ladabi ba: a daina dukansa a kan kiran da bai ji ba.

Inna, uwar mijina, tana kan buzunta tana jan carbi, tana kallona ina hura gawayin dutsen guga, toka na tashi, ƙaurin sitaci ya cika rumfa.

"Yanzu ke da bakinki za ki je ki yabi ɗan fari a gaban maza?"

"To Inna, wa zai yi?"

Ba ta ce komai ba. Can ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini goro fari, manya, a cikin ganye mai sanyi. "Ungo. Ba a zuwa gaban manya hannu rabbana."

Da gida ya yi tsit na zauna a bakin gado ina maimaita maganar ƙasa-ƙasa, ranka ya daɗe kaza, ranka ya daɗe kaza, ina tuntuɓe ina komawa farko. Ashe yaron idonsa biyu. Yana kwance a tabarma ya zuba wa bakina ido, kuma a cikin haddar dole na kama sunansa, don ba za a ce wa hedimasta "yaron nan" ba. Ya gani a leɓena. Ya nuna ƙirjinsa da yatsa, ya ce da muryarsa mai ƙarfin nan da ba ya jin iyakarta, "Ni?" Na gyaɗa kai.

Ranar Litinin, zaman da muka yi a ofis bai daɗe ba. Hedimasta dattijo ne mai furfura a gemu, ga ƙararrawar ƙarfe a kan teburinsa, kuma shawararsa a shirye take: a kai yaron makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki, don ajin ya cika maƙil har bakin ƙofa, malami ɗaya ba zai iya ba. Gaskiya ya faɗa. Na ce ban ƙi ba, amma yana da sauran magana a bakinsa, ina tsoron ta bushe tun bai kai ko'ina ba, a bar shi cikin masu magana ya ƙara ƙwari. Muryata tana rawa, hannuna yana rawa, na miƙa masa 'yar takardata. Ya sa tabarau ya karanta har ƙasa, ya buɗe littafin lissafin, ya aika a kira malamin ajin. Suka ce a gwada zango ɗaya a gani.

Zangon ya zama shekaru. Daga baya ya tafi Tudun Maliki ɗin, lokacin da karatu ya fi ƙarfin leɓe, ya tarar alamun da ake koyarwa a can daban suke da maganar hannun da ya tsinta wajen kuramen kasuwa, ya haɗa biyun ya riƙe. Hutun farko da ya dawo ya shimfiɗa tabarma, ya zaunar da ni da Inna, ya fara koya mana haruffa da yatsu, yana gyara mana hannu ɗaya bayan ɗaya.